Tarihin Ɗaukar Hoto Mai Motsi da Tace Shi, da Rabon Hausa a Ciki

Abin da ya jawo rubuta wannan takarda ƙarami ne. A bara na tafi wani gidan talabijin na Arewa, ba sai na ambaci sunansa ba, ina neman kaset-kaset na wasannin kwaikwayon da aka nuna a shekarun 1970, don ina so in ji yadda Hausar bariki ta ke a bakin masu ita a wancan zamani. Dattijon da ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya kai ni, ya nuna mini kantoci shaƙe da kwalaye. A bayan kowane kwali an rubuta sunan wasa da ranar da aka ɗauke shi. Da muka sa na farko a na'ura sai ga bikin buɗe wani asibiti, wanda aka yi shekaru da dama bayan ranar da ke rubuce. An shafe wasan, an ɗora biki a kansa. Na biyu kuwa na'ura ta ƙi jansa sam, zaren ya manne da juna. Dattijon bai yi mamaki ba ko kaɗan, sai ya ce mini, "Malam, ai kaset tsada gare shi a lokacin. Abin da aka riga aka nuna an gama da shi ke nan."

Na fito raina a ɓace, ina ganin sakaci ne kurum. Daga baya da na bi tarihin na'urar kanta sai na ga maganar dattijon nan tana da tushe, har ma ba a nan ƙasar aka fara wannan ɗabi'a ba. Sabo da haka na ga ya kamata in tsara abin da na sani game da yadda aka fara ɗaukar hoto mai motsi, da yadda a ke yanka shi a haɗa, don mai nazarin harshe ya san irin shaidar da ke hannunsa in ya sami tsohon kaset, ya kuma san dalilin da ya sa galibi ba ya samu.

Hoto mai motsi ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu a jere, a ke nuna su ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya iya rarrabewa. A fim na silima, tun da aka shigo da murya wajen 1927, hoto 24 a ke nunawa a kowane sakan. A talabijin irin na Nijeriya da Ingila 25 ne, a Amurka kuwa kusan 30. Ran 28 ga Disamba 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a fim a birnin Faris, aka biya kuɗi aka shiga. Kowane fim nasu bai cika minti guda ba, domin iyakar tsawon zaren da kyamararsu ke ɗauka ke nan. Su kan kafa kyamara wuri ɗaya, su yi ta murɗawa har zare ya ƙare: ga ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, ga jariri ana ba shi abinci. Babu yanka, babu haɗi. Bayan shekara takwas, watau 1903, aka nuna fim a ɗakin taro na Glover a Ikko.

Ba a daɗe ba aka gane zaren nan abu ne da almakashi ke ci, manne kuma ke kamawa. Nan ne sana'a ta biyu ta ɓullo, wadda ita ce ainihin batunmu. In an ɗauki mutum yana fita ƙofa, aka yanke, aka manna hoton titi da shi yana tafe, mai kallo da kansa zai cika abin da ke tsakani, ko da an ɗauki hotunan biyu a garuruwa dabam-dabam da ratar wata guda. Edwin Porter a Amurka ya yi amfani da wannan a 1903 cikin fim ɗinsa na 'yan fashin jirgin ƙasa. D. W. Griffith kuwa ya shahara da sarƙa labari biyu, a nuna wanda ke cikin haɗari, a koma ga mai zuwa ceto, a sake komowa, ana ta gajarta kowane yanki har zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa. Amma Rashawa ne suka ɗauki abin da zurfin tunani. Wajen 1920 wani malami, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna kome, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa cikin akwati. Kamar yadda almajiransa suka ba da labari, masu kallo suka ga yunwa a fuskar nan karo na farko, suka ga baƙin ciki karo na biyu, alhali kuwa fuska ɗaya ce.

Wanda ya karanci nahawu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kalmar "kai" ita kaɗai ba ta gaya maka ko gaɓar jiki a ke nufi, ko wanda a ke magana da shi, ko kai kaya kasuwa, sai ta zauna da maƙwabtanta. Haka yankin hoto ya ke. Ma'anarsa tana ga abin da ya gabace shi da abin da ya biyo shi, mai almakashi kuwa shi ke zaɓa masa maƙwabta.

Daga nan ƙa'idodin ɗauka suka fito, domin mai ɗauka dole ya tuna da mai yanka. Ya kan fara da hoton nesa don a san wurin, sa'an nan ya matso a ga mutum daga ƙugu zuwa kai, sa'an nan fuska ita kaɗai. In mutum biyu na zance, a kan ƙaddara akwai layi miƙe tsakaninsu, kyamara ba ta tsallake shi, don in ta tsallake sai wanda ke duban dama ya koma duban hagu, mai kallo ya zaci sun juya wa juna baya. A kan kuma ɗauki 'yan hotuna na gefe, kamar hannu yana jan carbi ko mai sauraro yana gyaɗa kai, don a rufe wurin da aka yanke. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa. Da murya ta shigo, tun da ya ke a wata na'ura dabam a ke ɗaukarta, sai aka ƙago allon nan mai baki da a ke bugawa gaban kyamara: inda baki ya haɗu a hoto, da inda ƙara ta tashi a zaren murya, nan a ke daidaita su. Na'urar Moviola, wadda mai yanka ke duba fim a cikinta hoto bayan hoto, ta shiga hannun masu fim a 1924. Abin lura kuma, a farkon zamanin mata ne da yawa ke wannan aiki, don masu kamfani sun ɗauke shi kamar ɗinki. Sai da aka gane a ɗakin nan a ke gina labari sa'an nan maza suka yi cincirindo a ƙofarsa.

To, yanzu sai mu dubi yadda abin ya iso mana. Ta ƙofa biyu ya shigo Arewa. Ɗaya ita ce gidajen silima na kuɗi, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, waɗanda galibi Kwarori ne ke da su. Ɗayar kuwa majigi, watau motar gwamnati mai injin wuta da farin ƙyalle, wadda ke bin ƙauyuka tana nuna fim kyauta a ƙofar fada. Kalmar kanta daga Ingilishi ta fito, daga farkon sunan tsohuwar fitilar nuna hotuna a bango wadda Turawa ke kira fitilar sihiri, Bahaushe ya ɗauki rabin sunan ya ƙara masa wasalin ƙarshe kamar yadda ya saba yi wa baƙin kalmomi.

Uban majigi shi ne William Sellers, ma'aikacin kiwon lafiya a Ikko, wanda ya fara amfani da fim tun ƙarshen shekarun 1920 wajen gargaɗin mutane a kan ɓeraye da annoba. Da aka kafa sashen yin fim don ƙasashen mulkin mallaka a Landan a 1939, shi aka ba jagorancinsa, sashen kuwa ya yi aiki har 1955. Sellers yana da ra'ayi mai ƙarfi game da yanka. A ganinsa baƙar fata na ƙauye ba ya iya bin hoton da aka yayyanka. Sabo da haka ya shimfiɗa ƙa'idodi: a bar kowane yanki ya daɗe, kada a yi tsalle daga wuri zuwa wuri ko daga yau zuwa bara, kada a juya kyamara don kada mai kallo ya zaci gidaje ne ke gudu, in mutum zai tafi rijiya a nuna tafiyar tasa duka. Akwai labarin da shi da abokan aikinsa suka riƙa maimaitawa, wai an nuna sauro ya cika ƙyalle, mutane suka ce ai su nasu sauron ƙanana ne, ba ruwansu da wannan dodo.

Ban ce ba a taɓa faɗin haka ba. Sai dai duk wanda ya zauna dandali da dare ya san akwai mai faɗin irin wannan magana don a yi dariya, Baturen da ke jiran tafinta ya juya masa kuwa ba lalle ne ya rarrabe ba'a da jahilci ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana cikin harshen mutanen da a ke zargi. Mai tatsuniya in ta ce "kwanci tashi," ta yanke shekara goma da kalma biyu, ba yaron da ke tambaya ina shekarun suka tafi. In ta ce "ana nan ana nan," ta tsallake abin da ba shi da amfani. In ta ce "ashe can a gida kuwa," ta bar Gizo a daji ta koma ga Ƙoƙi, daidai da sarƙar da a ke yaba wa Griffith. Mutanen da suka tashi da wannan a kunnensu ba su bukatar a nuna musu kowane taku zuwa rijiya. Shaida ta biyu kuma gidajen silima suka ba da ita. Tun daga shekarun 1950 zuwa 1960 Hausawa suka rungumi fina-finan Indiya, masu tsalle daga mafarki zuwa farke, daga tsufa zuwa ƙuruciya, cikin harshen da ba su ji, suna fita suna ba da labarin daki-daki. Abin da ya gundure su a majigi jan rai ne. Duk da haka majigi ya bar mana gado: mai bayani da ke tsaye da lasifika yana fassara fim cikin Hausa, da fim irin su Baban Larai na shekarun 1950 a kan noman auduga, da ma'aikata irin su Adamu Halilu, wanda daga baya ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, ya zama fim a 1976.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu fim ne, watau zaren da in ka ɗaga shi ga haske za ka ga hotunan da idonka. Bidiyo wani abu ne dabam, matsalar talabijin ce ta haife shi. Talabijin na farko kai tsaye ya ke, abin da kyamara ta gani shi a ke watsawa nan take, ya wuce ya ɓace kamar maganar baki. A Amurka kuwa akwai ratar awa uku tsakanin gabas da yamma, labarun da aka karanta da magariba a New York da la'asar sakaliya za su iske mutanen Kalifoniya. Dabarar da suka fara yi ita ce su kafa kyamarar fim gaban akwatin talabijin, su wanke fim ɗin da gaggawa, su nuna bayan awa uku. Hoton ba kyau, kuɗin kuwa ba kaɗan ba.

Ajiye murya a zare mai maganaɗisu an riga an san shi. Jamusawa sun nuna na'urarsu ta Magnetophon a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma wani hafsan Amurka, Jack Mullin, ya tafi da guda biyu gida, mawaƙin nan Bing Crosby ya zuba kuɗi a wani ƙaramin kamfani mai suna Ampex don a ƙera irinta. Wahalar hoto ita ce yawa. Murya ba ta wuce kaɗawa dubu 20 a sakan, hoton talabijin kuwa yana bukatar miliyan 4 ko fiye. Hanyar da ta fara zuwa wa kowa ita ce a sa zare ya yi gudu. BBC ta gina wata na'ura mai suna VERA wadda zarenta ke gudun inci 200 a sakan, faifai mai faɗin fiye da inci 20 minti 15 kaɗai ya ke ɗauka. Kafin a gama ta a 1958 an riga an wuce ta.

Waɗanda suka wuce ta mutum shida ne a Ampex, shugabansu Charles Ginsburg, cikinsu har da wani saurayi Ray Dolby, wanda sunansa ya shahara daga baya wajen gyaran sauti. Suka ce maimakon zare ya yi gudu, bari kan da ke rubutu a jikinsa ya yi. Suka dasa kawuna huɗu a wata ƙafa mai juyawa sau 14,400 a minti, tana zana layuka a gicciye a jikin zare mai faɗin inci 2, shi kuwa zaren yana tafiyarsa ta inci 15 a sakan. A watan Afrilu 1956 suka nuna ta a Shikago, kuɗinta dala 50,000. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan gidan CBS ya maimaita labarun Douglas Edwards ga mutanen yamma daga zaren bidiyo. A lura da abin da aka ƙera na'urar don shi: jinkirta shiri na awa uku. Ba wanda ya yi tunanin ajiya. Faifan awa guda wajen dala 300 ne, babbar falalarsa kuwa a idon akanta ita ce ana shafe shi a sake amfani da shi. Maganar dattijon nan nawa ke nan, tun daga ranar farko.

Yanka wannan zare kuwa azaba ce. Ba hoto a jikinsa, baƙi ne wuluk. Na'urar ba ta iya tsai da hoto ɗaya a duba, sai tana cikin cikakken gudunta ta ke nuna wani abu. Mai yanka ya kan saurara, ya buga alama da fensir inda ya ke so, ya ciro zaren, ya shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe don layukan maganaɗisu su bayyana, ya duba da madubin ƙara girma, ya nemi 'yar ratar da ke tsakanin hoto da hoto, ya sa reza. In ya kuskure da kaurin gashi, hoto ya yi tsalle a akwatin kowa. Bugu da ƙari kan murya yana nesa da kan hoto da fiye da rabin sakan, in ka yanke hoto daidai sai ka datse kalma a bakin mai magana. Zaren da aka manna kuma ba a son sake amfani da shi, sabo da haka masu kuɗi ba su son a yanka. Shi ya sa wasannin talabijin na farko a kan yi su kamar a dandamali, kyamara biyu ko uku suna aiki tare, wani yana zaune yana zaɓar wadda za ta fita, in ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe a wuce da shi haka nan. Ga mai nazarin harshe wannan alheri ne, domin maganar da ba a taɓa ba ita ce ya ke nema.

Talabijin ya zo Nijeriya daidai wannan lokaci: Badun ran 31 ga Oktoba 1959, Inugu 1960, Kaduna 1962, aka haɗa tashoshin ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya a 1977. Cikin shekarun nan ne Usman Baba Pategi ya yi Samanja, da Hausarsa ta soja wadda ke gauraye da Turancin bariki, Kasimu Yero ya yi nasa a Kaduna, Karkuzu ya yi nasa a Jos. Samanja kaɗai ya isa a rubuta littafi a kan yadda wanda ba Bahaushe ba ke sarrafa jinsi da lokutan aikatau, da an sami abin saurare isasshe.

Reza ba ta daɗe ba. A 1963 Ampex ta fito da Editec, aka koma kwafa: na'ura ɗaya tana nuna abin da aka ɗauko, ta biyu tana ɗaukar yankin da a ke so a sabon zare, yanki bayan yanki. A 1967 wani kamfani, EECO, ya kawo lambar lokaci, wadda ke ba kowane hoto adireshinsa na awa da minti da sakan da lambar hoto, aka daina lalube. Amma wannan hanya tana da aibi biyu waɗanda duk malamin da ya taɓa kwafar littafi da tawada ya san su. In ka kai shafi na hamsin ka tuna ka tsallake wani abu a na goma, sai ka sake daga nan. Kuma kwafin kwafi kullum ya fi uwarsa rauni, launi ya zube, murya ta dushe.

Japanawa ne suka sauko da abin daga hannun gidajen talabijin. Suka nannaɗe zare a jikin ganga mai juyawa a karkace, layukan suka yi tsawo, zare ya ƙanƙance. Sony ta fito da kyamarar da mutum guda ke rataya a 1967, da kaset na U-matic a 1971, da Betamax a 1975, JVC kuma ta kawo VHS a 1976, wanda ya cinye kasuwa. Irin wannan kyamara ta fara yawo a bukukuwan aure da naɗin sarauta a biranen Arewa, daga nan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka ga ba sai sun jira gidan talabijin ya ba su fili ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na sayarwa, shekara biyu kafin fim ɗin Inyamuranci na 1992 da a kan ce shi ne mafarin sana'ar a Kudu. Masu haɗa irin waɗannan fina-finai na farko da na'ura biyu da ɗan yatsa a kan maɓallin dakatarwa suka yi aiki, kaset ɗin da ya iso hannun mai saye kuwa jikan uwar ne ko tattaɓa-kunnenta. Wanda ya ga dishi-dishin hotunan nan ya yi musu dariya bai san ta inda suka biyo ba.

Kwamfuta ta warware aibin nan biyu gaba ɗaya, ba sai na tsawaita ba tun da ya ke ita ce kowa ya sani. An gwada tun 1971 da wata na'ura mai suna CMX 600, tsada ta kashe ta. Avid ta fito a 1989, Premiere a 1991, kaset mai ajiye hoto da lambobi a 1995, har a 1997 Walter Murch ya ci babbar lambar yabo ta Amurka da fim ɗin da ya haɗa a kwamfuta. A nan ba a taɓa uwar hoton sam. Jerin umurni kurum mai haɗi ke rubutawa, a ɗauko daga nan zuwa nan a ajiye can, in ya sake shawara ya ja yankin ya mayar. Yau yaro na yin haka a wayarsa yana zaune a bakin shago.

Sunan da Hausa ta ba wannan aiki abin dubawa ne. Turawa daga yanka suka ɗauko nasu, Faransawa da Rashawa daga harhaɗawa. Mu kuwa a ƙarshen fim sai mu ga an rubuta "tace hoto." Tacewa aikin mai koko ne da rariya, a zubar da dusa a riƙe gasara. Wannan kalma kuma ita ce dai a sunan hukumar tace fina-finai da Jihar Kano ta kafa a 2001, wadda aikinta hana fitar abin da ba ta yarda da shi ba. Harshe ya haɗa mai gyara da mai hanawa a kalma ɗaya, ni kuwa ban ga ya yi kuskure ba, domin dukansu biyu suna yanke shawarar abin da mai kallo ba zai gani ba.

Abin da mai tacewa ke kira dusa shi ne abincin mai nazarin harshe. In-ina, da "watau" da "ka gane" da a ke cusawa, da jimlar da aka fara aka fasa, da shirun da ke tsakanin tambaya da amsa, su ne farkon abin da a ke zubarwa, a rufe gurbin da hoton hannu yana jan carbi. Wanda ya ɗauki hirar da aka tace ya auna tsawon jimlolin mai magana, jimlolin mai tacewa ya auna. Ga kuma babban dalilin da ya sa asarar ta fi ciwo gare mu: rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, za ta gaya mana kalmomin da aka yi amfani da su, amma ba za ta gaya mana yadda Basakkwace ko Bazazzagi ya furta su a 1975 ba. Wannan sai zare.

Shafe zare ba mu kaɗai muka yi ba. BBC ta shafe ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970, hukumar sararin samaniya ta Amurka ma ta amsa a 2009 cewa ainihin zarurrukan saukar mutum a wata na 1969 an shafe su an sake amfani da su. Abin dariya kuma, a 2013 aka ba da sanarwar an gano kashi tara na wasan Doctor Who da Ingila ta ɓatar, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Sun tsira ne don a fim aka aiko su, fim kuwa ba ya shafuwa. Haka Shaihu Umar, wanda aka daɗe ana zaton ya salwanta: an sami zarensa a ma'ajiyar hukumar fim ta Nijeriya a 2016, aka gyara shi a Balin, aka nuna a 2018. Abin da aka ɗauka a bidiyo bai sami wannan sa'a ba. Manne da ke riƙe garin ƙarfe a jikin zaren yana shan laima, damina bayan damina, har ya zama danƙo, shi ne abin da ya sami kaset na biyu da muka gwada. Na'urorin karanta shi kuma suna ƙarewa: kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, watau Funai, ya daina a 2016, na U-matic kuwa sai dai a farke ɗaya a gyara ɗaya.

Kaset da ya manne yana da magani na ɗan lokaci. A kan gasa shi a tanda ta musamman da zafi kaɗan, wajen digiri 50, na sa'o'i masu yawa, laimar ta fita, ya karantu na 'yan makonni, a cikinsu ne a ke juye shi a kwamfuta. Juyewar kuwa ba ta gaggautuwa, kaset na awa guda awa guda ya ke ci. Abin da na ke roƙon wannan Sashe shi ne ya nemi izinin gidajen talabijin na Arewa a fara wannan aiki da kaset-kaset ɗin da ba a tace ba, a juye su ɗungum yadda su ke, har da tuntuɓen harshe da muryar mai ba da umurni daga bayan kyamara, a kuma rubuta garin kowane mai magana tun akwai wanda ya san shi. Na koma wurin dattijon nan bayan salla, muka ware kwali 40 da ya ke tsammani ba a ɗora kome a kansu ba. Ya gaya mini watan Yuni zai yi ritaya, kuma abin da ke cikin kwalayen ba a rubuce ya ke ko'ina ba sai a kansa.